Hilux ɗina tana kunna wutar zafin giya idan na ja kaya, giyar ta mutu ne?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Lafiya:

"Salam oga. Ina da Hilux Vigo mai fetur, inji 2.7, otomatik, mai ogzilari. Ina jan ƙaramar tirela da masu walda suka ƙera min, ina kai wa masu abincin kaji masara daga Lafiya zuwa Jos, buhu 20 a tirela, buhu 8 a bayan motar. Kwanan nan ina tsakiyar Hawan Kibo wata wuta ta kama a dashbod an rubuta A/T OIL TEMP, na ji wani wari kamar ƙauri, motar ta rage ƙarfi. Na tsaya na kashe ta, bayan ta huce na ƙarasa. Bakanikena ya ce mu cire tamostat mu zuba mai mai kauri a giyar. Dan Allah giyar ta mutu ne? Kuma me zan yi kar ya sake faruwa?"

Wa alaikumus salam. Toh malam, in na fahimce ka abu uku kake son sani, ko giyar ta lalace, ko shawarar bakanikenka daidai ce, da kuma yadda za ka ci gaba da sana'arka ba tare da ka ƙona giya ba. Ta biyun zan fara sallama tun da ita ce mai gaggawa: kar ka bari a cire tamostat, wato abin nan da ke buɗe wa ruwan inji hanyar zuwa lagireto idan ya yi zafi, kuma kar a kuskura a zuba man giya mai kauri irin na manuwal ko na aksul a cikin otomatik. Zan dawo kan dalili. Amma kafin a taɓa sifana ko ɗaya mu fara yin lissafin kayan nan, saboda a nan matsalar take.

Buhun masara kilo 100 ne. Buhu 20 tan 2 kenan. Ita kanta tirelar, irin wadda ake ƙerawa da ƙarfe mai kauri da aksul ɗin tsohuwar mota, da wuya ta gaza rabin tan, sau da yawa ma ta fi. Kaga kana jan abin da ya kai kilo 2,500 zuwa sama. Sannan ga kilo 800 a bodi, ga kai, ga yaron mota, ga nauyin da hancin tirelar ke dannawa a bayan motar wanda shi ma a cikin lodin motar ake ƙirga shi. Vigo a wasu ƙasashen da aka sayar da ita abin da aka yarje mata ta ja yana wajen kilo 2,250 zuwa 2,500 ne, kuma wannan adadin na tirela mai birkin kanta ne. Tirelar da ba ta da birki, kilo 750 kacal aka yarda. Ina kyautata zaton taka ba ta da birki, don ban cika ganin masu walda suna sakawa ba. Kuma ba a haɗa cikakken lodin bodi da cikakken lodin ja a lokaci guda, akwai jimillar nauyin da mota da tirela ba za su wuce ba, yana cikin littafin motar. Mutane suna jin an ce sabuwar Hilux tana jan kilo 3,500 sai su ɗauka kowace Hilux ce, alhali wannan wasu ne daga cikin masu dizal na 2015 zuwa sama. Taka ba ta cikinsu.

Don haka motarka ba wani ciwo ne ya kama ta haka kawai ba. Aikin da ya fi ƙarfinta aka ba ta, a kan hawa mai tsawo, ita kuma ta faɗa maka.

Daga ina zafin yake fitowa

A manuwal kuloci ne ke haɗa inji da giya, ƙarfe ya kama ƙarfe su juya tare. A otomatik babu wannan, abin da ke tsakani shi ne tok kombata, wannan dunƙulen ƙarfen da ke maƙale a bayan inji. A cikinsa akwai faifai biyu masu fuka-fukai, ɗaya inji ne ke juya shi yana watsa mai, ɗayan kuma man ne ke bugunsa ya juya shi, shi ne ke tura giya. Mai ne ke ɗauke da ƙarfin gaba ɗaya. Idan mota ba kaya kuma hanya a miƙe take, su biyun suna juyawa kusan daidai, har akwai wani ɗan kuloci a ciki da ke kulle su waje ɗaya idan an kama gudu, a lokacin zafin da ake samu kaɗan ne. Amma da ka ɗora nauyi ka fuskanci tudu, kullin nan sai ya saki, ɓangaren inji yana gudu ɓangaren giya yana jan ƙafa, kuma duk bambancin da ke tsakaninsu zafi yake zama a cikin man. Ba ya zuwa ko'ina, cikin man yake tsayawa.

Bari in ba ka misali da lissafi. A ce a kan hawa injinka yana ba da kilowat 60, wajen rabin ƙarfinsa kenan, kombata kuma yana zubar da kashi 15 cikin 100 wajen santsi. Kilowat 9 kenan na zafi. Kamar ka ɗauki hitar dafa ruwa mai wat 1,500 guda shida ka tsoma su cikin man da duk-duk wajen lita 10 ne, ka bar su a kunne har ka gama hawan. Kuma kana tafiya a hankali, iskar da ke shiga ta gaba kaɗan ce, ga esi ƙila a kunne, ga rana.

Shi kuma man ina yake zuwa ya huce? Bi bututun ƙarfe biyu da suka fito daga gefen giya za ka ga sun nufi lagireto. A cikin tankin lagireto akwai 'yar kula da man ke ratsawa, ruwan inji ne ke sanyaya shi. To a kan Hawan Kibo shi kansa ruwan injin ya yi zafi, saboda injin ma wahala yake sha, sai ya zama mai zafi ne ke neman taimako wajen mai zafi. Ƙari a kan haka Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, iska ta fi sirantaka, injin fetur da ba shi da tabo (turbo) yana rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a wannan tsayin, kai kuma sai ka ƙara taka totur don ka cike giɓin.

Man giya yana son zama tsakanin digiri 80 zuwa 95. In ya haura 110 ya daɗe a wurin ya fara tsufa da wuri, in ya kai 120 zuwa 130 yana ƙonewa, yana barin wani datti mai danƙo a cikin ƙananan hanyoyin mai, robobin sil suna ƙandarewa su daina riƙe matsi. Da matsi ya ragu fayiba, wato faifan kulocin da ke cikin giyar, ba za su kama da kyau ba, sai su fara santsi, santsin ya ƙara zafi, zafin ya ƙara cinye su. Akwai ƙa'idar da masu aikin giya suka daɗe suna amfani da ita, cewa duk ƙarin digiri 10 ko 11 a kan zafin da ya dace yana raba rayuwar man gida biyu. Ba awo ba ne na dindindin ga kowane mai amma tana nuna maka yadda abin ke gudu. Wani abin da ya kamata ka sani, ita wutar nan ba ta kamawa da wuri. Kafin ta kama man ya riga ya wuce inda ake so sosai, don haka akwai yiwuwar a tafiye-tafiyen baya ma kana dafa shi ba ka sani ba, allurar zafin da ke dashbod ta ruwan inji ce, ba ruwanta da giya.

To ta mutu ko ba ta mutu ba

Daga nesa ba zan yanke maka hukunci ba, sai an ga man an kuma tuƙa motar. Amma kamawar wuta sau ɗaya ba ta cika kashe irin wannan giyar ba, giya mai hawa 4 da ke cikin Vigo tana da juriya ƙwarai. Ga abin da za ka duba da kanka. Motar ta yi ɗumi, a fili mai daidai, inji a kunne a P, zaro sandar awon man giya ka ɗiga a farar takarda. Ja ko ja mai ɗan duhu lafiya. Ruwan ƙasa ya tsufa, a canza. Baƙi mai warin ƙauri ya ƙone. In kuma ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara to kular cikin lagireto ta fashe ruwa ya shiga, wannan kar ka ƙara tuƙa ta ko zuwa gareji, ruwa yana ɓanɓare fayiba daga jikin ƙarfensu.

Bayan nan a kwance farantin ƙasan giya. Akwai maganaɗisu a ciki, ɗan laushin toka-toka a jikinsu ba komai ba ne, kowace giya tana yi. Abin da ba a so shi ne ɓarɓashi baƙi-baƙi da yawa, wannan fayiba ne, ko ƙyalƙyalin gutsattsarin ƙarfe. Sai tuƙi: in ka sa D ko ribas tana ɗaukar lokaci kafin ta kama? Wajen canza giya inji yana yin ihu kafin ta shiga? Tana bugawa? In babu ko ɗaya, kuma farantin da tsabta, ka tsira. A sa sikana a duba ko motar ta ajiye lambar matsala, musamman wadda ta shafi kullin kombata irin P0741, saboda in kullin nan ba ya aiki mota za ta riƙa zafi ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Ko da ta tsira, man nan a canza shi. Abin da nake yi a wurina, ba na sa injin wanke giya mai matsi a tsohuwar giyar da ta sha zafi. Ina zubar da na faranti, lita 2 zuwa 4 ne ke fita, sauran yana cikin kombata, in wanke ko in canza rariyar, in cika, mai mota ya yi 'yan kwanaki yana hawa ya dawo a sake, har launin ya dawo. Irin man kuma wanda aka rubuta a kan sandar awo ko a littafi shi za a zuba, in T-IV ne T-IV, in WS ne WS, ba a cakuɗa su. Kuma dan Allah a sayi na kirki a wurin da aka yarda da shi, jabun man giya ya yi yawa a kasuwa, ana zuba wa wani siririn mai jan launi a sa a galan mai kyau. Mai jan kaya a zafin ƙasar nan ni shawarata kar ya wuce kilomita 40,000 bai canza ba.

Maganar bakanikenka

Ba mugunta yake nufi ba, abin da aka saba ne a gareji da yawa. Amma duba. Man otomatik ba shafawa kaɗai yake yi ba, shi ne ke tura fistin ɗin da ke matse fayiba, yana bi ta ramuka ƙanana ƙwarai a cikin bal bodi, wato ɓangaren da ke rarraba mai a cikin giya, kuma shi ne ke kwaso zafi ya kai lagireto. Ka zuba mai kauri, tafiyarsa ta ragu, canjin giya ya yi nauyi, kombata ya ƙara zafi wajen dama shi. Gyaran da zai biyo baya sai ya fi kuɗin masarar.

Tamostat kuma, cire shi ba ya ƙara wa lagireto girma. In lagireto ya toshe ya toshe. A injina da yawa ma tamostat ne ke rufe wata gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe, in babu shi wani kason ruwan sai ya riƙa zagayawa cikin inji ba tare da ya je lagireto ba. Sannan ga wanda mutane ba su cika lura da shi ba, birenbos, wato kwamfutar motar, ba ya barin kullin kombata ya kama sai ruwan inji ya yi ɗumi. Ka tashi da asuba daga Jos lokacin hunturu ba tamostat, injin ya ƙi ɗumi, sai ka yi ta tafiya kombata a sake. Wai an cire don a rage zafi, an ƙara wa giya aiki.

Abin da ya kamata ya duba shi ne lagireton kansa. Yawancin motocin da ake kawo min da wannan ƙorafin, in na leƙa tsakanin kwandansan esi da lagireto sai in tarar da ƙura da ƙaiƙayi da ciyawa sun yi katifa, kai da kake shiga gonaki da kasuwannin hatsi ma abin ya fi. Ciki kuma ruwan rijiya ko na bohol da ake zubawa maimakon kulant ya bar farin dutse ya toshe rabin layukan. Sai fanka, ta Vigo mai kulocin silikon ce, idan ta gaji tana juyawa a ido amma ba ta jan iska. Inji da zafi ka kashe shi ka tura ta da hannu, in ta yi ta juyawa sakaka ta mutu. Murfin lagireto ma a duba, da rumfar robar da ke zagaye da fanka wadda ake yawan cirewa a yar. In kuma ka sa manyan tayoyi fiye da na asali, su ma suna ƙara wa kombata wahala.

Yadda za ka hau tudu da kaya

Nan ne direba ke ceton giya ko ya kashe ta. Kuskuren da na fi gani shi ne a bar ta a D a yi ta taka totur. Giyar sai ta riƙa neman wuri, ta shiga 4 ta ga ba za ta iya ba ta dawo 3, ta sake komawa, kowane canji fayiba na gogawa kullin kombata na saki. Idan kana jan kaya mai nauyi ka fitar da ita daga giyar sama tun kafin hawa, ka sa 3, ko ka danna O/D OFF in irin mai maɓalli ce. In hawan ya yi tsanani gudu ya faɗi, sauko 2 da hannunka, kar ka jira ta. Bar inji ya yi ta juyawa wajen 3,000 zuwa 3,500, injin fetur ba ya jin komai a nan. Direbobi da yawa suna tsoron ƙarar, gani suke ƙarar inji ita ce wahala, alhali wahalar gaske ita ce inji yana gurnani ƙasa-ƙasa totur a ƙasa mota ba ta gaba. Idan inji na juyawa da sauri santsin kombata yana raguwa, famfon mai yana tura mai da yawa zuwa kula, famfon ruwa da fanka ma suna ƙara gudu. 

Kashe esi tun daga gindin hawa. In ka maƙale a bayan babbar mota mai rarrafe, ko a shingen bincike a kan tudu, kar ka riƙe motar da totur, taka birki, in tsayuwar za ta yi tsawo ja birkin hannu ka sa N. Riƙe mota da totur a tudu da tan uku a baya yana iya tafasa mai cikin 'yan mintuna. Haka yin ribas da tirela a hankali a hankali, haka kafewa a yashi ko taɓo ana D ana R. A gona ko yashi sa ƙaramin ogzilari, L4, ya ɗauke wa kombata nauyin, amma ba a kan kwalta ba. Lokacin tafiya ma yana da tasiri, a watan Maris da Afrilu hawan da ka yi da sassafe da wanda ka yi da azahar ba ɗaya ba ne, kuma ka tuna kafin ka iso Hawan Kibo ka riga ka hau tudun Nasarawa Eggon, man bai gama hucewa ba. Tsayawa ta minti goma sha biyar kafin babban hawan, inji a silo, ba asara ba ce.

In wutar ta sake kamawa: samu wuri mai aminci ka fita daga hanya, birkin hannu, yaro ya sa dutse a taya, sa P, ka bar injin a silo har wutar ta mutu. Kar ka kashe. Da ka kashe inji, famfon mai ya tsaya, man da ya fi zafi ya zauna cikin kombata ba inda za shi. Haka littafin motar ma ya ce a yi. Sai fa in ka ga mai yana zuba ko hayaƙi na tashi a ƙasa, to nan kashe nan take, saboda man da ya yi zafi sosai yana kumfa ya fito ta bututun numfashin giya, in ya sauka a kan salansa wuta yake kamawa. Ka riƙa yawo da abin kashe gobara. Kuma kar a watsa wa giya ruwan sanyi.

Saukowa ba ta cikin tambayarka amma ita ta fi ba ni tsoro. Ranar da ka ɗauko kaya daga Jos, tirela marar birki za ta riƙa turo ka, birkin mota ya yi zafi ya daina kamawa. Sa 2 tun daga sama, ko L in ta kama, kar ka taɓa sa ta a firi don tsimin mai. Kowa ya san irin haɗurran da ake yi a wurin nan.

Ƙarin kula da agogon zafi

Tun da jan kaya sana'arka ce, ƙarin kula ta waje ta cancanci kuɗinta. Ana ɗaura ta a gaban kwandansa inda iska ke bugu, a haɗa ta ta yadda mai zai fito daga giya ya shiga lagireto tukuna, sannan ya ratsa sabuwar kular, ya koma giya. Irin mai faranti-faranti ta fi mai lanƙwasasshen bututu ɗaya aiki. A yi amfani da tiyon da aka yi don man giya, ba tiyon fetur ko na ruwa ba, a ɗaure da kilif mai kyau, don in tiyo ya zame a kan hanya man zai ƙare kafin ka ankara. Bayan an ɗaura a ƙara mai a sake awo, yawansa da ƙarancinsa duk suna kawo zafi. In da hali a sa agogon zafin man giya a dashbod, ka riƙa gani da idonka, da ya doshi 110 ka sauke giya ko ka rage gudu, 120 ka nemi wurin tsayawa.

Sai dai kula ba ta ƙara wa mota ƙarfin ja. Ba ta ƙara birki, ba ta ƙara sifirin, ba ta ƙara ƙarfin wurin da aka maƙala tirelar. Da ni ne kai, zan sa a yi wa tirelar birki, in sauke lodinta zuwa buhu 14 ko 15, bodi kuma kar ya wuce buhu 3 ko 4 in ana ja. In ciniki dole sai buhu 28 a sawu ɗaya, to ba aikin Hilux mai fetur ba ne, ka haɗa da Canter ko Dyna ka biya kuɗin buhu, ko ka raba sawu biyu. Wasu za su ce ka koma manuwal, gaskiya ne manuwal ba ta da kombata don haka wannan zafin ba ya damunta, amma da irin lodin nan kulocinta ne zai ƙone a wajen tashi a kan tudu, kuma ita ma ba a jan nauyi da ita a giya ta 5.

Ka fara da takardar nan da ɗigon mai, sannan a sauke faranti. In ka turo hoton man da na maganaɗisun, da lambar da sikana ta nuna in akwai, zan fi iya gaya maka ko canjin mai ya isa ko sai an sauke giyar.